Mai Janye wa Baba Kwano

A lungunmu na Ƙofar Galadima magidanta ba sa cin abincin dare a cikin gida. Da an sallame magariba kowane gida zai fitar da kwanonsa zuwa zauren da ke jikin masallaci, a shimfiɗa tabarma, a jera kwanuka, a riƙa buɗe su ɗaya bayan ɗaya ana ci tare. Ciyayya ke nan. Na taso na tarar ana yi, Baba ma ya ce haka ya tarar. Mu mata ba ma zuwa, amma ba abin da ke wuce mu, don bango ɗaya ne tsakanin zauren da madafinmu, kuma akwai 'yar taga a sama. Kwano ma yakan dawo da labarinsa. In ya dawo a suɗe an yaba ke nan, in ya dawo da saura kuwa, ranar Inna ba ta da walwala.

Baba maɗinki ne, mai yi wa manyan riguna aikin hannu. Da allura da zare ya ciyar da mu, ya sa mu makaranta. Shekarar da na fara koyarwa a wata firamare a Gyallesu ya fara ƙorafin yana ganin zare biyu-biyu, ga yawan ƙishirwa. Da ƙyar na ja shi asibiti. Likita ya ce ciwon suga ne, kuma ya faɗa masa gaskiya ba ɓoye-ɓoye: in bai gyara cimarsa ba, magani kaɗai ba zai tsare masa idonsa ba.

A cikin keke muna dawowa Baba ya ce da ni, “Uwata, kada na ji maganar nan a bakin kowa.” Sunan mahaifiyarsa gare ni, shi ya sa yake kira na haka. Na ce to. Na san dalilinsa. Ba mai kai wa maɗinkin da ido ke gudu rigarsa, sannan Baba mutum ne da ya tsani a yi ta ce masa sannu.

A lokacin gwiwoyin Inna sun hana ta tsayuwa, girki ya dawo kaina. Ga makaranta da safe, ga Islamiyya bayan la'asar, abin da ya rage mini kafin magariba ɗan lokaci ne. Dole ta sa na koyi abincin da ba ya cin lokaci kuma ba ya cutar da mai suga. Ba wani baƙon abu na ƙirƙiro ba, abincinmu ne na gado da muka raina. Zogale nakan dafa shi tun ranar Asabar, na matse, na shanya rabi. Ƙuli na daka shi na cika gwangwani. In na dawo sai dai na yanka tumatir da albasa da attaruhu, na zuba ɗan man gyaɗa, kafin ruwan shayi ya tafasa kwaɗo ya haɗu. Acha ma nakan rege ta da yawa lokaci guda, don regayar ce wahalarta, dahuwar ba komai. Faten acha da alayyafo da 'yar yakuwa da dakakkiyar gyaɗa, kafin ladan ya gyara murya na sauke. Wake na jiƙa shi da safe kafin na fita. Kusa da tabarmar ɗinkinsa kuma na ajiye masa 'yar roba: yalo, gurji, gyaɗa, wani lokaci dafaffen ƙwai, saboda ya daina aike a sayo masa fanke da hantsi.

A gida Baba bai ba ni wahala ba. Ya sha shayi ba suga yana yatsina fuska, ya ci abin da na ba shi. Amma muka koma asibiti aka gwada, suga na nan inda yake. Likita ya dube ni kamar ni ce mai laifi. Raina ya ɓaci ƙwarai, don na san irin tashin asubar da nake yi.

Ashe ina tufka ne ciyayya na warwarewa. A zauren nan ba a tsallake kwanon kowa. In aka buɗe na gidan wane, kowa sai ya sa hannu, wanda ya janye hannunsa kamar ya ce abincin gidan bai yi masa ba ne. To ga tuwon shinkafa, ga taliya, ga shinkafa da mai da yaji, wata rana har waina. Loma uku nan, loma huɗu can, kafin a shafa fatiha Baba ya ci abin da ya fi na da.

Na ce bari na fara gyarawa daga namu kwanon. Na daina fitar da tuwo, na cika kwano da kwaɗon zogale na aika. Ina madafi na ji wani dattijo yana cewa, “Ikon Allah, yau gidan Malam ganye aka yi mana? Ko damina ce ba ta yi kyau ba?” Aka yi dariya. Kwanon ya dawo da fiye da rabi. Inna ta dube shi ta kau da kai.

Washegari na ce wa Baba ya zauna ya ci a gida. Na faɗa da zafi, har da cewa ido ba a sayen sa a kasuwa. Bai musa ba. Ya aika a ce musu mura yake yi. Kwanakin nan ba na son tuna su. Zai dawo daga masallaci ya zauna a kan buzunsa, na ajiye masa fate, ya riƙa juya cokali yana sauraren hirar da ke ketowa ta taga. In aka yi dariya a zaure sai na ga bakinsa ya motsa. Mutumin da tun yana saurayi bai taɓa cin tuwon dare shi kaɗai ba. Ya rage magana, har ɗinkin ma ya rage. Na gane cewa in na tsare masa ido ta wannan hanya, wani abin zan kashe masa.

Akwai mutum ɗaya a ciyayyar da yake da lasisin yi wa Baba duk abin da ya ga dama, wato taubashinsa, ɗan kawunsa, wanda muke kira Baffa. Huluna yake sayarwa a wata rumfa wajen Ƙofar Kuyambana. Shi ɗan namiji ne, Baba ɗan mace, don haka tun suna yara yake kiran Baba bawansa. Kullum cikin tsiya suke, ba mai shiga tsakaninsu.

Na biya rumfarsa daga makaranta, na durƙusa na gaishe shi.

Ya ce, “'Yar bawana, lafiya da rana tsaka? Murar ubanki ce ta ƙi sauka?”

Na ce, “Baffa, ba mura ba ce.” Na kwashe komai na faɗa masa, har da hanin da Baba ya yi mini.

Ya daɗe yana karkaɗe wata hula da ba ƙura a jikinta. Can ya ce, “Ba ki zo nan ba, ban gan ki ba. Gobe ki yi faten nan naki, ki cika kwano, kada ki yi rowar yaji.”

Washegari da magariba ya leƙo gidanmu da kansa, yana ɗaga murya tun daga soro. “Ina ragon bawan nan? Mura ce za ta kwantar da ƙato? Fito ka yi wa ubangidanka fifita!” Ya tasa Baba a gaba suka fita.

Na kafa kunne a taga. Aka buɗe kwanon farko, tuwon shinkafa ne. Sai na ji ƙarar kwano a kan tabarma, ki-i-i, da muryar Baffa: “Kai, cire hannunka! Yaushe aka fara haka, bawa da cin shinkafa a gaban ubangidansa? Rabonka nawa ne. Ungo faten gidanku, da ma Bazazzagi da fate ai sai Allah.” Zaure ya kaure da dariya. Mai tuwon ya fi kowa dariya, don ba a ƙi abincinsa ba, ƙwace aka yi. Baba ya yi ta zagin Baffa da makwaɗaici, amma fatensa ya ci.

Haka aka ci gaba kullum. In taliya ce, a janye. In waina ce, Baffa ya ɗauki ɗaya ya raba, ya miƙa masa ɓari ya ce sadaka. In wake ne ko ɗanwake ko miyar ganye, sai ya ce yau ya yi wa bawa afuwa. Mutane suka ɗauka sabon salon wasan taubasai ne, har in Baffa ya makara sai a ce a jira mai janye kwano. Ni kuma na ci gaba da canza hannu: yau fate, gobe kwaɗon rama, jibi alale, gata wake da alayyafo. A hankali masu dariyar ganye suka fara miƙo hannu. Ranar da kwanon kwaɗo ya fara dawowa a suɗe, Inna ta ɗaga shi ta duba har gindinsa.

Suga ya sauka. Bai tafi ba, ba ya tafiya, amma ya kwanta. Baba ya sa tabarau ya ci gaba da ɗinkinsa, har rigar ɗaurin aurena ta angon shi ya yi mata aiki. Da yake a unguwar na yi aure, ban daina zuwa ɗora masa tukunya ba. Kusan kullum in ya shigo sai ya yi mini ƙarar Baffa. “Uwata, mutumin nan kwaɗayinsa ya yi yawa. Yau ma ya cinye mini shinkafa.” Ni kuma na ce, “Sai haƙuri, Baba.” Na ɗauka har ga Allah bai san komai ba.

Bara Baffa ya rasu, bayan 'yar gajeruwar jinya. Da aka share makoki aka koma ciyayya, ina madafi na ji an buɗe kwanuka, amma ba hayaniya. Ba a jima ba sai ga Baba ya shigo, tun ba a kira isha ba. Bai wuce ɗakinsa ba, ya zauna a kan turmin da ke kife a bakin madafi.

Ya ce, “Yau an turo mini shinkafa har gabana.”

Na ce, “Ka ci?”

“Ban ci ba. Na zauna ina jira a janye.”

Ya cire tabaransa ya goge da bakin riga.

“Tun ranar da kika je rumfarsa na sani,” in ji shi. “Mutumin da ko a gidan biki ba ya taɓa shinkafa, wai takan cika masa ciki amma ba ta riƙe shi. Duk zauren nan ba wanda ya kai shi son fate. Shekara da shekaru yana tura wa cikinsa shinkafa dole, yana bar mini faten.”

Na juya na fuskanci tukunya, hawaye na zuba, ina ta motsa abin da ya riga ya dahu.

Ya ce, “Uwata, in da saura zuba mini. A ƙaramin kwano.”