Lauya Ta Zauna Kan Hannuwanta

A gida Lauya muke ce mata, ko da yake ba shari'a ta karanta ba. Tun tana firamare, in uwarta ta aike ta ta ɗauko kofi, sai ta tsaya jin dalilin da ya sa ake ajiye kofuna inda hannun yaro ba ya kaiwa. Ita ce 'yata ta biyu. Kimiyyar kwamfuta ta karanta, jami'ar da ta yaye ta kuma ta ɗauke ta aikin wucin gadi. Tana koyar da 'yan aji ɗaya a ɗakin kwamfutoci, amma babban aikinta gwada manhajar kwamfuta, ta ga ko mutane za su iya aiki da ita ba tare da sun jigata ba.

A shekarar aka sayo wata sabuwa, wadda za a riƙa tara bayanan da masu tantance kwasa-kwasai ke nema in sun zo: malamai nawa, ɗalibai nawa, wa ya kammala, wa ya bari. Sai Lauya ta sa hannu za a fara amfani da ita. A ƙarshen zangon karatun kuma za a duba ko a tabbatar da Lauya a aiki. Tana da sikila, kuma ma'aikacin dindindin ne kaɗai ake ba katin asibitin jami'a.

Ba ta gwaji da samarin ofishinsu. Sakatariyar sashen take kira, wata dattijuwa mai tabarau biyu, ɗaya na karatu ɗaya na kallon mutane. Ta zaunar da ita gaban kwamfuta, ta ba ta aiki, ita kuma ta koma gefe ta zauna kan tafukan hannunta don kada su yi azarɓaɓin nuna wurin dannawa.

"Ke 'yar nan, kina gani ina ta lalube kin yi gum?"

"Goggo, in na nuna miki yau, gobe wa zai nuna miki? Ba ke ake gwadawa ba. Ita ake gwadawa."

Rannan Goggo ta zo kan sunan wani ɗan aji uku da mota ta kashe lokacin hutu. Zaɓi huɗu manhajar ta bayar: yana karatu, ya kammala, ya janye, an kore shi. Ba ta barin a wuce gaba sai an danna ɗaya. Goggo ta cire tabaranta ta ajiye.

Lauya ta rubuta rahoto, ta ƙi sa hannu. Daraktan ofishinsu ya kira ta.

"Masu tantancewa suna hanya, kamfanin da ya yi manhajar kuma ba zai gyara komai ba sai sun tafi. A danna 'ya janye' a wuce mana."

"Yallaɓai, yaron bai janye ba."

"Kin san takardar tabbatar da ke tana kan teburin nan?"

"Na gan ta. Ga kofin shayinka ma a kanta."

Uwarta ta roƙe ta ta sa hannu. Lauya ta ce, "Inna, yaron nan shi ma yana da uwa. In wata rana ta nemi takardar karatunsa a ce mata guduwa ya yi, da sa hannun wa?"

Wani ya sa hannu a madadinta. Ba a tabbatar da ita ba. An ƙara mata shekara ɗaya a wucin gadi, aka ɗauke ta daga gwaji aka mayar da ita ɗakin gyaran firinta. Ta riƙa dawowa gida da baƙin tawada a mayafi, tana ba mu labarin firintocin kamar wasu dangi masu rigima. Bayan ziyarar masu tantancewa, kamfanin ya ƙara zaɓi na biyar, 'ya rasu', a shafin ɗalibai, Goggo ta koma ta gyara wa yaron.

Kafin shekarar ta ƙare ciwon ya tashi kamar yadda ya saba, wannan karon bai sauka ba. Ba zan ce katin asibiti da ya tsare ta ba. Likitoci ba su ce haka ba.

Da na je kwasar kayanta, Goggo ta ja ni ofishinta ta juyo mini allon kwamfuta. Shafin malamai ne, ga sunan 'yata. Zaɓi huɗu ne a ƙarƙashinsa: tana aiki, tana hutun karatu, ta yi ritaya, ta bar aiki. Nan kamfanin bai taɓa ba. A sama akwai jan rubutu: bayanan sashen ba su cika ba.

Muna nan shugaban sashe ya leƙo. Ya yi mini ta'aziyya da kyau, sannan ya juya wurin Goggo ya rage murya.

"Hajiya, don Allah a rufe shafin nan. Mu kaɗai muka rage a duk jami'ar."

"To a rubuta wa kamfanin."

"Danna ɗaya ne fa, Hajiya."

Goggo ta gyara zama, ta tura hannuwanta ƙarƙashin cinyoyinta.

"Furofesa, ba ni ake gwadawa ba."

Na sauke kwalin kayan a ƙasa, na jawo kujera kusa da ita na zauna.