Inna Ma'u da Kwalaben Mangwaro

Ni kuku ne, shekara ashirin da shida na yi a madafar Turawa a Birnin Kebbi, kuma ban iya yabon mutane ba. Amma Inna Ma'u, ƙanwar mahaifiyata, zan faɗi abin da ta yi.

A Gulma aka haife ta, aure ya kai ta Argungu gidan wani masunci. Kifi bai taɓa burge ta ba. Tun tana amarya take dafa maɗin ɗinya tana kaiwa kasuwa, har mijin ya rasu, har haƙoranta suka zube, tana gaban tukunya ɗaya.

Lokacin yaƙin Hitila kayan gwangwani suka daina zuwa. Matar Baturen gona da nake wa aiki ba ta cin burodi sai da jam, wato 'ya'yan itace da aka dafa da sukari. Ta ce in yi na mangwaro. Sau biyu ina yi, sau biyu yana fumfuna kafin sati uku. Ta ce in na uku ya lalace, za ta ɗauko kuku daga Sakkwato. Ina da mata da 'ya'ya biyar.

Na je Argungu na ɗauko Inna a motar albasa. Ta shiga madafa, ta dubi murhun ƙarfe kamar ya zage ta, ta sa na kafa duwatsu uku a waje.

"Dikko, in ka gama dahuwa, mi kaka yi?"

"In rufe da faifai ya huce, Inna, sannan in ɗura a kwalabe."

"Kwalaben fa?"

"Ina ɗauraye su da ruwan randa."

"Ashe kai ad da hannu ga ɓarnar. Wa ya ba ka wannan farar hula ta kuku?"

Ta tafasa kwalaben a tukunya kamar rogo. Ta ɗora mangwaron a wuta. Sukari ya yi ƙaranci, ta haɗa da mazarƙwaila, ta matsa lemun tsami, ta daka citta da kanumfari daga ƙullin zanenta. Na ce Baturiya ba ta ce a sa yaji ba. Ta ce Baturiya ba ta nan. Tana tuƙawa tana ɗiga kaɗan a bayan tulu mai sanyi. Da ɗigon ya tsaya bai gangara ba, ta ɗura da zafinsa, ta narka kakin zuma ta toshe bakin kowace kwalba. Goma sha ɗaya.

Damina ta zo ta wuce. Kullum sai na leƙa kabad, takalma ma sun yi fumfuna a gidan nan. Bayan Sallah Baturiya ta fasa kakin kwalba ta ƙarshe, ta shinshina, ta lasa. Ta ce ɗanɗanonsa irin na kayan zaƙin da suke ci da Kirsimeti a ƙasarsu. Ta cinye yankan burodi huɗu, ba ta sake ambaton Sakkwato ba.

Na gaya mata aikin Inna ne. Ta aika a tambayi Inna abin da take so. Inna ta ce kwalabe, in an cinye abin da ke ciki.

Daga nan maɗinta ya fara zuwa har garin Augie a kwalba, har ta rasu. Ni kuwa na ƙara shekara tara a madafar nan, ina tafasa kwalabe.