Shekarar da aka so sa wa zaurenmu haraji

Ni ɗan fari ne, saboda haka tun da na yi wayo Baba bai taɓa kiran sunana ba, bai kuma taɓa yi mini magana kai tsaye ba. In yana son buta sai ya dubi bango ya ce, "Ashe gidan nan babu mai ba mutum ruwa." Da na kama aiki a sashen kuɗi na ƙaramar hukuma na samu suna a bakinsa, wai ma'aikacin nan. Ina zaune gabansa zai ce wa Baffa, ƙanensa, "Tambayi ma'aikacin nan ko ana ba su abinci a can." Baffa ya juyo ya tambaye ni, in amsa, ya juya ya mayar. Ba mai dariya.

Sana'arsa ɗinkin hula, a zauren gidanmu da ke Ƙofar Kuyambana. Ƙofar zauren tana kallon gabas, hasken safe na sauka daidai kan gwiwarsa, abin da idonsa ke buƙata ke nan don ya fara rauni. Abokansa kan taru nan kullum. Akwai mai ɗinki irinsa, akwai tsohon malamin makaranta mai musu da rediyo, akwai kuma wani da ban taɓa ganin ya zo yin komai ba sai gyangyaɗi.

Ƙarshen kowace shekara muke haɗa kasafin kuɗi. Aikin ba wuya: a ɗauko na bara, a ɗan ƙara wa kowane layi wani abu, a canja shekarar da ke bango. Akwai wata rijiyar burtsatse da na yi ta bugawa a kasafi har na fara jin ta kamar 'yar'uwata. To a shekarar nan sai aka ce lallai a ƙara kuɗin shiga. Aka ɗauko wani masani daga waje, ya zaga cikin birni a bayan babur, ya dawo da bincikensa: duk zauren da ake sana'a a ciki shago ne, a shafa masa lamba da jan fenti, a yanka masa haraji. Na ce wa shugaban sashenmu, "Ranka ya daɗe, wannan fa zai jawo magana." Ya ce ai daftari ne kawai, in buga.

Daftari a garinmu yana riga injin bugawa isa masallaci. Washegari Baba ya naɗe tabarmarsa, ya ɗauki gwangwanin allurai, ya shige cikin gida. Abokansa suka zo suka yi sallama, suka tsaya, suka tafi, don namiji ba ya wuce zaure. Ya koma ɗinki a ɗakinsa mai taga kamar tafin hannu. In na wuce sai in hango shi ya kai hular har kan hancinsa yana laluben inda zai soka allura. Inna kuma ta shiga mita, wai tun da aka kawo ta gidan ba ta taɓa yin tankaɗe namiji na kallonta ba.

Abin ya ci mini rai ƙwarai. Na aika Baffa ya gaya wa Baba ko an sa harajin ni zan biya, ba sai ya damu ba. Baffa ya dawo yana sosa ƙeya. Ya ce Baba ya ce a gaya wa ma'aikacin nan, a zauren nan aka yi wa kakansa salla, in hukuma ta ce shago ne to ta zo ta zuba kaya.

Ranar da kansiloli suka zauna kan kasafin ina gefe da takardu. Kasafin lafiya da na hanya suka wuce kafin lemo ya huce. Ana zuwa kan zaure, wani kansila ya miƙe ya ce yana goyon baya ɗari bisa ɗari, sai dai a cire zauren da yara ke karatu. Aka cire. Wani ya ce shi ma yana goyon baya, amma zauren liman fa? Aka cire. Daga nan aka shiga surukai. Kowa ya tashi sai ya fara yaba wa masani, sannan ya zare zaure guda, har da na wani da ya rasu, wai don darajar iyalinsa.

Ni kuwa bakina ya yi nauyi. Wallahi ina tafasa, amma ta yaya ɗan fari zai tashi cikin mutane ya yi roƙo da sunan ubansa? Ko sunan ba zan iya furtawa ba. Sai wani dattijon kansila daga Ƙofar Kibo, wanda tun da aka fara yake ɓare goro, ya nuna ni da haɓa. Ya ce, "Kowa ya ceci nasa, ban da wannan yaron. Ubansa na can cikin mata yana kashe idonsa, hular da na ba shi ma har yau shiru." Shugaban zaman ya tambaye ni abin da ya rage zai kai nawa. Na ce, "Ranka ya daɗe, anya zai sayi fentin?" Aka soke layin, aka ƙara kuɗin lasisin kafa allon talla, wanda ba wanda ya san mai biya. Aka yi addu'a aka tashi.

Saura faɗa wa Baba, Baffa kuma ya yi tafiya. Da safe na ɗauki tsintsiya da kaina na share zauren, na shimfiɗa tabarmar inda take, na buɗe ƙofar har bango, na koma gefe na tsuguna. Ya fito zai wuce, ya tsaya. Bai dube ni ba. Ya koma ciki, ya dawo da gwangwaninsa ya zauna. Kafin hantsi har mai gyangyaɗi ya iso ya kama aikinsa.

Can Baba ya zaro wata hula daga aljihu ya miƙa wa malamin makaranta. Ya ce, "Ba ma'aikacin nan, ya gwada." Ita ce wadda ya ɗinka a ɗaki. Zanen ya karkace, wani wuri zare baƙi ya hau kan shuɗi, mutumin da a da ake zuwa daga nesa neman aikinsa. Ta zauna mini cif, ga shi bai taɓa auna kaina ba. Na gode wa malamin makaranta, shi kuma ya juya ya mayar.

Bai ƙara gama wata hular ba, idon ya ƙi. Amma ya ci gaba da fitowa zaure, gwangwanin na gefensa. Hular da ya ba ni nake sawa duk ranar zaman kasafi. Wani sabon ma'aikaci ya taɓa ce mini, "Oga, mai ɗinkin nan ya cuce ka." Na ce masa ya buga abin da aka ba shi.