Hoton da Ya Ƙi Motsi a Takarda

Muhsin ɗan Jega ne. Ya yi karatun kwamfuta, ya gama, ya shiga jiran aikin gwamnati. Da jiran ya yi tsawo sai ya koma yin sa a zaune, cikin wani ɗan shago kusa da inda motocin Aliero ke lodi, da kwamfuta ɗaya da fanka mai juyawa in ta ga dama. Ɗalibai yake buga wa takardu. Abin da ya fi sauran masu shaguna da shi ɗaya ne: ya iya yanko guntun bidiyo ya mai da shi hoto mai motsi, marar sauti, wanda in ya kai ƙarshe sai ya koma farko. Yakan dasa shi cikin bayanin da za a haska a bango da majigi. Ɗalibai na son abin, domin malamai kan shagala da kallo su manta da tambaya.

Shekarar da albasa ta ruɓe a fadamar Sarandosa, kawunsa Labbo ya zo shagon. Ya ce wani kwamitin tallafi zai raba iri da taki ga ƙauyukan da suka yi asara, kuma kowane ƙauye sai ya kawo hujja. Manoma sun ji labarin ɗan ƙanwarsa yana sa hoto ya yi tafiya, shi ya sa suka turo shi. Bai ɓoye ba: in irin nan bai samu ba, ba shi da abin shukawa a rani mai zuwa, sai dai ya saki fadamar da ya gada.

Muhsin ya hau babur ya tafi. Wari ne ya fara tarbarsa tun kafin ya ga gonar. Sai ga Labbo ya fito cikin shaddarsa ta Juma'a, ya kafa hula, yana ƙamshin turare. Muhsin ya roƙe shi ya sa kayan aiki.

"Manya za su gani, ɗana. In tsaya musu awa mahaukaci?"

Ya kuma nace a fara daga fangalin albasa ɗaya tilo da ya tsira a kan tudu. Ya ce mutum ba ya fara magana da kuka. A gode wa Allah tukuna, sannan a juya. Haka aka ɗauki bidiyon. Labbo na murmushi, riƙe da albasa kamar kan jariri, ganye kore shar a bayansa. Daga nan hoton ya karkata zuwa sauran fadamar, baƙa ƙirin, ruɓaɓɓiya har inda ido ya tsaya. Muhsin ya ga tsarin ya ma fi taɓa zuciya. A duk abin da ya taɓa haɗawa, wannan ne ya fi alfahari da shi.

Ranar zaman kwamitin babu wuta a zauren. Akwai janareta, babu mai. Majigin kuma yana cikin wani ofis, mai makullin ya tafi ta'aziyya. Sakatare, mutum mai son aiki ya tafi daidai, ya ce a buga bayanin kowane ƙauye a takarda a raba wa membobi.

Takarda ba ta san motsi ba. Abin da ke farkon hoto shi take ɗauka ta riƙe. Muhsin ya san haka, yakan ma gargaɗi ɗalibai, amma bai taɓa kawo wa ransa cewa za a buga wannan ba. Ya tsaya a bakin ƙofa da wayarsa a hannu, hoton na juyawa, yana roƙon masinja ya shigar da ita. Masinja ya kalla har sau biyu, ya girgiza kai don tausayi, ya ce kwamiti ba ya karɓar hujjar da ba a takarda take ba.

Sarandosa ba ta samu iri ba. Sai dai ba a ce an manta da ita ba. Shugaban kwamitin ya yaba wa Labbo a jawabinsa, ya kira shi abin koyi, kuma ya nemi a sa hoton a bangon rahotonsu.

A ƙauye an raba laifin daidai: rabi ga shaddar Labbo, rabi ga bokon Muhsin. Labbo bai ɗora wa kowa ba. Da aka nuna masa bangon rahoton, ya daɗe yana kallo, ya ce, "To, ban ba ku kunya ba dai."

Kafin rani ya zagayo fadamar ta koma hannun wani ɗan kasuwa. Muhsin na nan a shagonsa, ko da yake ɗalibai sun koyi haɗa hoton da wayoyinsu, sai bugu kawai suke kawo masa. Labbo ya nemi dako a kasuwar albasa ta Aliero, bayansa ya ƙi. Yanzu yana zaune gefen tireloli da basilla, yana ɗinke bakin buhunan wasu. Ranar kasuwa Muhsin kan je ya durƙusa ya gaishe shi, ya tambayi aiki. Labbo ya ce da godiya. Shi ma ya tambayi na shago, Muhsin ya ce da godiya.