Baƙin Man Yaya Ovila

Yayana Ovila Thibodeau bai taɓa sayen man sarƙar zarto ba. Tun yana ɗan saurayi ya shiga dajin arewacin jihar Maine ta Amurka, zamanin da ake jan gungume da dawaki, ni kuma aka tura ni tsintar dankali. Da zarto mai inji ya zo, ya rungume shi hannu bibbiyu. Daji ya ci masa yatsu biyu, inji ya kashe masa kunnuwa, taurin kai kaɗai suka bar masa.

Zarton nan, in sarƙa ba ta sha mai ba, sai ta ci ƙarfen da take zagayawa a kai. Masu hankali iri biyu suke saya: mai kauri na lokacin zafi, da tsinkakke na lokacin sanyi. Shi Yaya baƙin man da ya juye daga akori-kurarsa yake tacewa da tsohuwar safa. Kafin ya taɓa itace sai ya nuna bakin zarton ga dusar ƙanƙara ya ba shi wuta. In ya ga baƙin layi, sarƙa na shan mai ke nan. Matarsa Fernande har ta koma ga Allah tana tsine wa man nan, don ita ke wanki.

Bara 'yarsa Ghislaine, mai aikin jinya a birnin Bangor, ta zo ana tsakiyar zafi, ta tarar da shi ya rame.

"Baba, ka tattara ka biyo ni."

"In je in zauna a bene kamar tattabara?"

Suka yi ta ja, har ta gaji ta kafa sharaɗi. In ya cika rumfar itacensa da hannunsa kafin sanyi ya kankama, ya zauna gidansa. Amma baƙin man nan, ta ce, dattin inji ne, yana cin fata, yana toshe zarto. Gaskiyarta kuwa, duk hannunsa ya tsattsage. Ta kwashe jarkokinsa, ta ajiye masa sabo fes daga kanti.

Ciwon baya ya kwantar da shi, bai tashi ba sai da ƙanƙara ta fara zuba. Ranar na kai masa miyar kaza, na same shi a bayan gida yana fama da jarka. Man na sauka da ƙyar kamar maɗi.

"Yaya, wannan na zafi ne. Ka kai shi bakin murhu ya saki."

"Me?"

"Na ce man ya daskare, kurma!"

"Rejeanne, yaushe mai tsintar dankali ta fara koya mini zarto? Ajiye miyarki ki tsaya can."

Ya tada inji, ya nuna wa ƙanƙara, ya sunkuya yana ƙifta ido. Babu layi.

"Fari ne," ya ce, "shi ya sa ba ya nunawa. Kayan 'yan birni, ko datti ba su iya ba."

Ya shiga yanka. Ni dai na ji sarƙar tana wani kuka mai kaifi, har cikin haƙorina. Na yi ta ɗaga masa hannu, ya juya mini baya. Can sai hayaƙi. Ƙarfen ya yi shuɗi, sarƙa ta saki, ta yi tsalle ta zabge masa ƙauri. Da zanen wuyana na ɗaure, ina zaginsa ina kuka.

Ɗinki kawai aka yi masa. Ghislaine ta iso asibitin idonta jajur.

"Goggo, ni na saya. Ban san iri biyu ba ne."

"To wa ya gaya miki? Ubanki bai taɓa sayen ko ɗaya ba."

Na zaci zai ɗora mata laifi ya nemi a sake lale, don rumfar ko rabi ba ta kai ba. Na ma shirya tsaya masa. Sai ya juyo gare ni.

"Rejeanne, ke kin ji kukan sarƙar?"

"Tun daga gungumen farko."

"A da, daga tsallaken kogi nake gane sarƙar da ke jin ƙishi," ya ce. "Yau tana hannuna ban ji ba."

Ya juya ga 'yarsa.

"Benen naki, hawa nawa ne?"

Ni na rufe gidan. Na zuƙe ruwan famfo don kada ya daskare ya fasa bututu, na kwashe ɗan itacen da ya yanka na kai nawa murhun. Yanzu duk Lahadi yana kirana a waya ya tambayi yadda ƙanƙara take. Ina ba shi amsa da ihu, ya ce "Me?", in sake, har muryata ta dushe.