Katin Sifana

Duk wanda ya taɓa zama a kwatas ɗin kamfanin buhu ya san Sifana. Ba sunan yanka ba ne. Abokan aiki ne suka laƙaba masa tun yana saurayi, don ba a taɓa ganinsa babu sifana a aljihun baya ba. Gajere ne, mai faɗin kafaɗa, ƙarƙashin faratansa baƙi ƙirin da man inji wanda sabulu ya yi iya yinsa ya haƙura.

Kwatas ɗin layi shida ne, kowane layi ƙofa ashirin. Bayan kowace ƙofa ɗaki biyu ne da ɗan tsakar gida wanda in an shanya zani uku ya cika. Famfo ɗaya ne a bakin kowane layi, doka ma ɗaya ce: gida na mai kati ne. Muddin akwai mai katin aiki a gidanku, ku zauna har furfura ta fito muku. Ranar da kati ya faɗi kuwa, wata uku ne a hannunku, ku kwashe komatsanku. Shi ya sa in jiniyar safe ta yi kuka, mutum ɗaya tak ke fitowa daga kowace ƙofa, sauran takwas ko goma kuma su ci gaba da lallaɓa rayuwa a bayansa. Wannan na sayar da gawayi, waccan na kitso, wani ya kafa tebur yana cajin waya. A unguwar ba a tambayar wane ne maigida, sai dai a ce, "Wa ke da katin gidan nan?"

Mahaifin Sifana ne ke da katin ƙofa ta bakwai a layi na huɗu. Shekara ashirin da shida ya yi a gaban injin saƙa, har ranar da ɓarin jikinsa ya shanye yana cikin ɗaure takalmi. Lokacin Sifana na da shekara goma sha tara, saura masa zango biyu ya gama makarantar koyon sana'a. Foman, mai kula da ma'aikata, ya zo dubiya, ya zauna a bakin katifa ya yi addu'a, sannan da zai fita ya ja yaron gefe.

"Kai ne babba, ko?"

"Ni ne, Baba."

"To, ka san kati ba ya jiran mara lafiya. Gobe ka same ni a bakin ƙofar kamfani."

Inna, mahaifiyarsa, ta ce masa na shekara ɗaya ne kawai, kafin Malam, mahaifin nasa, ya miƙe. Malam bai miƙe ba. Kafin damina ta zagayo an kai shi makwancinsa, kati kuma ya zauna a aljihun Sifana.

Allah ya ba shi kunne. Cikin zauren da inji arba'in ke ruri lokaci guda, inda mutane ke magana da hannu kamar kurame, shi sai ya tsaya cak, ya karkata kai, ya ce, "Na goma sha biyu zai tsinke bel kafin azahar." Kuma sai ya tsinke. Ba a daɗe ba aka ɗauke shi daga saƙa aka mai da shi cikin kanikawa. An taɓa ɗauko wani injiniya daga nesa, ya kwana uku yana buɗe littattafai a kan wani inji da ya ƙi tashi. Sifana ya kara kunne a jikin ƙarfen, ya sa hannu ya zaro wani ɗan noti da ya faɗa tsakanin haƙora. Aka tafa masa, injiniya ya hau jirgi ya koma, shi kuma aka ba shi sabon takalmin aiki wanda ya yi masa yawa.

Gida kuwa sai cika yake. Ya yi aure, matarsa ta zo da keken ɗinkinta, aka haifi huɗu. Ƙanwarsa, wadda mijinta direban babbar mota ya rasu a hanya, ta dawo da nata uku, don dangin mijin sun nuna mata ƙofa tun kafin ta gama takaba. Ga Auta, ƙaramin ƙanensu, wanda Sifana ya yi wa ɗawainiya har ya samo difloma, yanzu takardar na cikin leda a ƙarƙashin katifar Inna, shi kuma yana zaman benci a bakin layi. Mutum goma sha biyu ke nan a ɗaki biyu. Sifana ya samo tsofaffin kwano ya kewaye rabin tsakar gidan, nan suka koma shi da matarsa da keken ɗinki. In ana ruwa sai sun ɗaga murya kafin su ji juna.

Yana da shekara talatin da takwas Dogo ya zo masa da magana. Dogo abokinsa ne tun ranar farko a kamfani, shi ma bakanike ne, amma ba shi da kowa a wuyansa sai mace ɗaya da ɗa ɗaya. Ya ajiye aiki, ya sami rumfa a wani gari da ke bakin babbar hanya, tafiyar awa huɗu, inda manoman rani ke kuka da rashin mai gyara musu injin ban ruwa da janareta.

"Ni ina da wuri, kai kana da kunne," in ji Dogo. "Raba daidai za mu yi. Mutumina, kamfanin nan mutuwa yake. Inji arba'in muka tarar, yau nawa ke juyawa?"

"Sha huɗu."

"To, me kake jira? A rufe ka da shi?"

Sifana ya dawo gida ranar yana ta juya maganar. Ya ga hanyar a fili: a ba Auta katin, gida ya tsaya, shi ya tafi. Washegari ya wanke hannu har sau uku, ya hau bene wurin Manaja. Manaja ya saurare shi da kyau, har ya sa aka kawo masa ruwan sanyi.

"Sifana, da a hannuna yake, wallahi da na yi maka. Amma daga sama aka hana ɗaukar sabon mutum, ko ɗan wane ne. Zamanin gadon kati ya wuce. Wanda ya fita, an toshe gurbinsa ke nan."

"Ranka ya daɗe, ko shara ce a ba shi. Yana da difloma."

"Masu sharar ma rage su za a yi."

Da ya faɗa wa matarsa, sai ta dakatar da keke ta juyo. "Baban yara, mu tafi. Ka kama wa su Inna ɗaki a cikin gari, kana aiko musu. Sai yaushe za ka yi naka?"

"Ɗaki nawa? Mutum shida ne fa. Kuma sabuwar rumfa ba ta ciyar da gida biyu a shekarar farko."

"To sai Auta ya tashi ya nema! Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, kai kuwa shekara nawa kana ɗauke da ita?"

Sifana ya rubuta takardar ajiye aiki, ya ninke ta huɗu ya sa a aljihun gaba. Bango a kwatas ba ya riƙe sirri, kafin kwana biyu kowa a gidan ya sani. Babu wanda ya ce masa kada ya tafi, kuma da ma sun faɗa da ya fi masa sauƙi. Ƙanwarsa ta fara yi wa 'ya'yanta tsawa in sun nemi ƙari, tana cewa a ɗaga murya, "Ku saba tun yanzu." Auta ya daina haɗa ido da shi. Inna kuwa ta kira shi bayan la'asar, tana zaune a kan tabarmarta tana tsefe wani tsohon filo.

"Na ji alheri ya same ka. Ka tafi, Allah ya yi maka albarka, ka yi mana iya yinka." Ta ci gaba da tsefe filon, ba ta ɗago ba. "Wata ukun nan, daga ranar da ka miƙa takarda ake fara ƙirgawa, ko daga ranar da ka tafi?"

Kwana tara takardar ta yi a aljihunsa. Kullum sai ya je gindin benen Manaja, ya tsaya kamar mai neman wani abu da ya faɗi, sannan ya wuce zauren inji. Rana ta goma gumi ya riga ya cinye rubutun. Ya buga wa Dogo waya ya ce ya nemi wani.

"Ka yi tunani dai," in ji Dogo.

"Na yi. Dole ƙanwar na ƙi ce."

Matarsa ta yi mako guda ba ta yi masa magana ba sai gaisuwa. Keken ɗinkin ne ya riƙa faɗin abin da ke ranta.

Bayan shekara biyu wasu mata biyu suka shigo kwatas da jakunkuna da tarin takardu, suna bi ƙofa ƙofa suna tambayar yadda gidaje ke rayuwa. Ranar hutu ce, Sifana na gida yana gyara wa maƙwabciya fanka. Aka shimfiɗa musu tabarma, babbar ta buɗe takarda.

"Mutum nawa ke kwana a gidan nan?"

"Sha biyu. Sha ɗaya dai, ɗaya a shagon maƙwabci yake kwana, amma a nan yake ci."

"Nawa ke da aikin albashi?"

"Ɗaya."

"Ni kuma da nake taka keke tun asuba fa?" in ji matarsa daga cikin rumfar kwano. "Rawa nake yi?"

Matar ta yi dariya ta ce akwai gurbinta a shafi na gaba. Aka tambayi Auta sana'arsa, ya ce yana neman aiki. Aka ce tun yaushe, Inna ta amsa masa: "Tun ina da haƙora." Kowa ya dara, har shi Autan, ko da yake tasa ba ta kai ciki ba.

"Gidan naku ne, ko haya kuke?"

"Ba namu ba ne."

"Haya ke nan."

"Ba ma biyan haya."

Matar ta duba takardarta, gurbi biyu ne kawai. "To Baba, me zan rubuta?"

Sifana ya juya farfelar fankar da yatsa. "Ki rubuta haya, 'yata. Ni ne kuɗin hayar."

Ta ɗauka wasa yake, ta yi murmushi ta sa alama ta wuce tambayar famfo da makewayi.

Kunnen hagu ne ya fara tafiya. Da fari wani siririn kuka ya riƙa ji kamar na sauro, sannan muryoyin yara suka koma kamar daga cikin rijiya suke fitowa. Bai faɗa wa kowa ba, don ya san likitan kamfani na sallamar wanda ya gaza, kuma sallama da ajiye aiki duk wata uku ne. Ya koyi kallon leɓen mutane. Ya koyi ɗora tafin hannu a jikin inji ya ji ciwonsa ta fata. Haka ya yi shekara uku yana ɓoyo, har ranar da wani ƙarfe ya ɓalle a bayansa, mutum biyar suka kwarara masa ihu bai waiwaya ba. Allah ya kiyaye, kafaɗa kawai ya goga.

Wanda ke foman a lokacin yaron Sifana ne a da, a hannunsa ya koyi riƙe sifana. Ya rufe maganar, ya rubuta cewa ana buƙatar mai gaskiya a sito. Aka mai da Sifana wani ɗaki marar taga, tsakanin kantoci cike da noti da bel da gwangwanayen giris, yana miƙa wa waɗanda ya koya wa aiki kaya ta wata 'yar kafa. Wani lokaci in ƙasa ta yi wata irin girgiza a ƙarƙashin takalminsa, yakan ce wa mai karɓar kaya, "Ku duba na shida." Wasu su duba, wasu su ce tsoho ya fara.

Auta ya tafi neman sa'a wani gari, yana bugo waya jefi-jefi. Gurbinsa bai yi sanyi ba babbar 'yar ƙanwarsa ta dawo daga gidan miji da goyo. Dogo, an ce, yanzu rumfa uku gare shi. A layi na huɗu kuwa ƙofa tara an garƙame su, ciyawa ta fito a tsakar gidajensu, kamfani ya gwammace su ruɓe da a ce wanda ba shi da kati ya shiga.

Saura shekara huɗu a yi masa ritaya, kuma ranar ba ta ɓuya ga kowa a gidan. Abin da ba su sani ba shi ne, shi da wasu abokan aiki uku sun haɗu sun sayi wata gona can bayan gari, inda ko sandar lantarki ba ta kai ba, suka raba ta huɗu. Duk ranar hutu yakan ce zai je gyara, ya hau keke ya tafi ya jera bulo goma, wani lokaci biyar, wani lokaci ya je kawai ya cire ciyawa.

Wata ranar da yake aikin yamma, ya ce wa matarsa ta sa mayafi ta raka shi. Suka hau mota har ƙarshen kwalta, suka taka sauran. Ginin ya kai ƙugu a gefe ɗaya, ɗaya gefen gwiwa. Awakin wani sun kwana a ciki sun bar shaida. Ta daɗe tana kallo, ta shafa bulon da hannu.

"Ɗaki nawa ne?"

Bai ji ba, sai da ta juyo ta maimaita yana kallon bakinta.

"Uku, in Allah ya yarda."

"Wanne ne nawa?"

Ya nuna mata na kusurwa. Ta tsallaka ta shiga, ta tsaya a tsakiya, ta auna da ido inda keke zai zauna. Ta ce taga ta yi ƙanƙanta, mai ɗinki na son haske. Ya ce zai ƙara mata bulo ɗaya a faɗi. Ta tambaye shi ko zai kai rufi cikin shekara huɗu, ya yi kamar wannan ma bai ji ba. Ya duba agogo, ya ce su hanzarta, ƙarfe biyu ake rufe ƙofar kamfani, kuma mota a wannan hanyar sai an jira.