Igiya Uku ta Yaya Halima

Shekara tara ke nan da rasuwar yayata Halima, amma har yau in na ji takun takalmi a ƙofar gidanmu na Umdurman sai na ɓoye sigari. Shawish ce, wato saje, a asibitin soja. In ta tsaya a kasuwar Suk al-Arabi, wallahi motar haya da kanta take taka birki.

Abin da ya sa na tuno ta a jarida bana, 'yarta Nafisa ce ta ce soja za ta shiga. Ubanta Malam Idris ya ce sai dai bayan ransa. Suka taso ni a gaba, Nafisa ta ce: "Kawu, kai ka fi kowa sanin Inna, da me za ta ce?" Ni da ko rigimar kaji ban taɓa rabawa ba!

To ga abin da na sani. Sama da shekara ashirin Halima ta yi da igiya uku a hannun riga. Samari su zo, su ga jini su zube, ita ke yayyafa musu ruwa. Jim kaɗan a tura su kwas, su dawo da tauraro a kafaɗa, ita kuma ta ƙame ta ce "Janabu!", wato ranka ya daɗe. In ta nemi kwas a ce tana da ciki. Ta haihu a ce tana shayarwa. Da ta yaye aka ce shekaru sun ja.

Cikin samarin nan har da Usman, ɗan maƙwabciyarmu, wanda a bayanta ya girma. Ya zama kanar. Wata Sallah ya zo gaisuwa da kakinsa, rabin unguwa ya leƙo ta katanga don a ga wa zai fara gaida wa. Halima ta miƙe cikin mayafinta, ta sara masa sosai. Ya amsa. Sai ta koma kan gado ta zauna ta ce, "To ya walad, kai yaro, naka ya ƙare. Cire takalmi."

Kanar guda ya durƙusa. Ta tambaye shi danginsa na Jazira ɗaya bayan ɗaya, har jakin kakansa sai da aka gaishe shi. Gwiwoyinsa suna ƙara ya ce a hankali, "Yaya, wallahi sau uku ina rubuta sunanki a jerin masu zuwa kwas." Ta ce, "Na sani. Tashi ka ci abinci." Mu muna ta dariya, ita ko ba ta yi ba.

Da ta ga yaƙin nan da ya ci mana gari, na san da ɗinkin mutane za ta kama, tana zagin duk wanda ya ɗaga bindiga. Ko za ta so 'yarta cikin kaki yanzu, wannan ban sani ba, kuma na ƙi yi mata ƙarya tana kabari. Na ce wa Nafisa, "Uwarki ba ta taɓa nadamar shiga ba, ba ta kuma taɓa yafe musu ba. Abin da ta bari ke nan. In za ki iya ɗaukar duka biyun, bismilla."

Nafisa ta ce za ta iya. Malam Idris bai ce ya yarda ba har yau. Amma ranar Lahadi shi ya riƙe mata takardu zuwa tasha, yana faɗa tun daga ƙofar gida. Allah ya jiƙanki, Shawish.